Ƙafa Huɗu da Inci Biyu

Kamfani goma sha bakwai na buga wa waya a kan shagon Anti Bernice, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya bari na kai ƙarshen adireshin. Da na ce "Titin Masaƙa, garin Marlroyd," sai in ji an yi tsit, in ji ana danna kwamfuta, daga nan wata murya mai ladabi ta shiga ba ni haƙuri kamar an yi mini rasuwa.

Sunana Clive Barraclough. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina dillancin inshora a garin nan, ba na ƙarƙashin kowane kamfani. Aikina shi ne mutum ya kawo mini gidansa ko shagonsa, ni kuma in shiga kasuwa in nemo kamfanin da zai tsaya masa in wuta ta ci ko ruwa ya shiga. Ba yabon kai ba, na taɓa samo wa mai sayar da kayan wasan wuta inshorar gobara. Amma kogin Tarne ya fi ƙarfina. A taswirar kamfanoni, Titin Masaƙa shuɗi ne tun daga gada har coci, irin shuɗin da suke shafa wa kogin kansa. Wato a ganinsu mu da kifi unguwarmu ɗaya.

Bernice Holroyd ba 'yar'uwata ba ce, ƙawar mahaifiyata ce, shi ya sa tun ina ƙarami nake ce mata Anti. Shekararta saba'in da biyu, arba'in da huɗu daga ciki a gidan burodinta ta yi su, kuma a benen shagon take kwana. A farkon watan nan kamfanin da ke tsaya mata ya aiko da takarda mai sakin layi uku: na farko godiya, na biyu yabo, na uku sallama. Masu ginin kuwa, wani kamfanin gidaje ne can kudu da bai taɓa sa ƙafa a Marlroyd ba, suka tuna mata da sharaɗin da ke cikin yarjejeniyar haya. In ranar Juma'ar ƙarshen wata ta yi babu inshorar ambaliya a kan shagon, haya ta ƙare. Ba shago, ba bene.

Na sha wuya a makonni ukun nan. Tsarin da aka yi don rage wa masu fama da ruwa nauyi na gidajen kwana ne, bai san da shaguna ba. Wani kamfani ya ce zai tsaya mata a kan gobara, da sata, da tarzoma, da faɗowar jirgin sama, da girgizar ƙasa, da kome dai ban da ruwa. Girgizar ƙasa a Marlroyd! Wani ya ce zai karɓi ambaliya hannu bibbiyu, muddin babu kogi a mil biyar kewaye da shagon. Wani kuma ya yarda, amma in ruwa ya yi ɓarna, fam dubu hamsin na farko daga aljihun Anti za su fito, alhali in ka haɗa tanderunta da kantocinta da buhunan fulawa ba su kai rabin haka ba. Kiɗan da suke sa wa mutum yana jira a waya kuwa, na haddace na kamfani shida, har matata ta kama ni ina rera ɗaya a banɗaki.

Na goma sha takwas shi ne Harbottle da Vane, wani ɗan ƙaramin kamfani da har yanzu bai miƙa wa kwamfuta dukan hankalinsa ba. Suka ce su ba su aiki da taswira kaɗai, za su turo mai duba wuri ranar Alhamis. Sharaɗinsu ɗaya ne: ba sa karɓar ginin da ruwa ya taɓa wuce ƙafa uku a cikinsa.

Na yi musu godiya, na ajiye waya, na dafe kai.

Mu a Marlroyd, duk ambaliyar da ta zo ta wuce, kafin a gama kwashe laka mai shago ya sa an yi masa ɗan allon tagulla. Faɗinsa tafin hannu, babu kome a jiki sai kwanan wata da layi ɗaya a kwance, a kafa shi a bango daidai inda ruwa ya tsaya. Wanda allonsa ya fi tsayi shi ya fi kowa shan wuya, wanda ya fi kowa shan wuya kuwa shi ne babba a titi. Shi ake fara gaisarwa, shi ke riƙe almakashi ranar buɗe kasuwar Kirsimeti. Tun daga babbar ambaliyar nan ta washegarin Kirsimeti, shekara tara ke nan, wannan girma na gidan Holroyd ne. Allon da marigayi Stan, mijin Anti, ya kafa yana nan ƙafa huɗu da inci biyu daga ƙasa. Na biyu shi ne na Norman Gledhill, mahaucin da ke tsallaken titi, ƙafa huɗu da inci ɗaya.

Ni ban ga wannan ambaliyar da idona ba. Ina can gidan surukaina a kan tudu, ina gyara jawabin da zan gabatar a taron dillalai a kan yadda ake auna haɗarin ruwa. Da na dawo, abin da alluna suka ce shi na ɗauka.

Ranar Laraba da yamma na shiga shagon Anti. Tana goge allon Stan da gefen atamfar aikin da take ɗaurawa a gaba, kamar yadda take yi kullum safe da yamma, a tsaye, don daidai ƙirjinta yake.

Na ce, "Anti, kalandar nan taki ba za ta fi kyau a wannan bangon ba? Nan ya fi haske."

Ta dubi kalanda, ta dubi allo, sannan ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Clive, tun kana zanin goyo na san ka. Ranar da ka saci kek ɗina ma irin wannan fuskar ka yi."

"Ni ban ce a ɓoye kome ba."

"To ni ma ban ji ka ce ba. Sha shayinka."

Na ji kunya, domin gaskiya ɓoyewar nake nufi, kuma aikina ya hana. Na shanye shayi na tsallaka wurin Norman Gledhill. Yana sarar haƙarƙarin rago, ko ɗagowa bai yi ba.

"Mista Gledhill, alfarma nake nema. Gobe baƙuwa za ta zo wurin Anti Bernice. Don Allah ka zauna a shagonka."

"Da ina nake zama? A naka?"

"Kada ka tsallako, kada ka yi maganar ruwa. Awa biyu kawai."

"Ni? Ina ruwana da ruwan wasu?" in ji shi, ya sauke wuƙa a kan ƙashi. "Mutum da aikinsa."

Washegari jirgin ƙasa na ƙarfe goma ya sauke mana Mis Imogen Tranter. Ba ta wuce shekara talatin ba, da tabarau, da tef ɗin awo a aljihu, da takalman roba sababbi ful waɗanda ko kududdufi ba su taɓa gani ba. Rana kuwa ta fito tar, kogi ya kwanta lamo a ƙarƙashin gada kamar bai taɓa cin kayan kowa ba. Na bi da ita ta doguwar hanya, ta wajen sabuwar katangar tare ruwa, ina ta zuba mata bayani. Ita dai sai gyaɗa kai take yi tana rubutu.

Anti ta tarbe ta da shayi mai madara da yanka biyu na kek ɗin citta, wanda muke kira parkin. Mis Tranter ta ci ɗaya, na ga fuskarta ta saki, na ce a raina an fara da sa'a. Ta duba allunan ƙarfen da ake tare ruwa a ƙofa da su, ta ce madalla. Ta duba makunnan lantarki da aka mayar sama, ta ce madalla. Sannan ta yi tambayar da nake tsoro.

"Misis Holroyd, ruwa ya taɓa shigowa nan ciki?"

Na yi sauri na ce, "Ya ɗan taɓa leƙowa."

"Leƙowa?" in ji Anti, ta ajiye butar shayi da ƙarfi. "'Yar nan, juyo ki gani."

Mis Tranter ta juya. Allon Stan na ta ƙyalli, don an goge shi sau biyu da safen nan saboda baƙuwa. Ta zaro tef, ta durƙusa ta kafa bakinsa a ƙasa, ta ja sama. Tana cikin ja ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, sai ga Norman Gledhill da rigar aikinsa mai jirwayen jini, da wasu tsofaffi biyu a bayansa waɗanda suka tuna burodi suke so.

"Ƙafa huɗu da inci biyu," in ji Mis Tranter a hankali.

"Wai!" in ji Norman. "'Yammata, in awon gaskiya kike so, tsallako wurina. Shi wancan nasu ruwa ne mai kunya. Ni nawa, ragon da na rataye a ƙugiya sai da ya yi iyo."

Anti ta ce, "Ragon da ya kwana uku ba mai saye, ai dole ya nemi hanyar gudu."

"Ku dai burodinku ne ya shanye rabin ruwan, shi ya sa titi ya tsira. Har yau da ɗanɗanon kogi a ciki."

"Amma kullum kana aiko a saya maka biyu."

"Na ƙofa ne. Da shi nake tokare ta."

Na yi ta yi wa Norman alama da ido har idona ya yi ciwo. Ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya sa baki, ya ce shi da idonsa ya ga agwagwa ta shigo ta wannan tagar ta fita ta waccan. Ɗayan ya ce ba agwagwa ba ce, kujerar coci ce, da limamin cocin a kai. Mis Tranter ta rubuta, ta rubuta, ta juya shafi. Ban taɓa jin haushin garinmu kamar na wannan safiya ba. Mako uku ina roƙon baƙi a waya su yarda mu mutanen tudu ne, ga 'yan gari sun taru suna rantsuwa cewa a ƙarƙashin ruwa aka haife su.

Da ƙyar na kora su waje. Mis Tranter ta rufe littafinta ta ce, "Mista Barraclough, ka san sharaɗinmu."

"Na sani."

"Bari dai in duba ɗakin baya, don in cika takardata."

Muka shiga ɗakin gashin burodi mu uku. Ta duba magudana, ta duba ƙarƙashin tanderu, sannan ta ce in taya ta jan katakon da ake jera buhunan fulawa a kai, tana so ta ga ko bango na da danshi. Anti ta ce, "Ba kome a nan, 'yar nan, sai gizo-gizo." Muryarta ta canza, amma ban lura da kyau ba sai da muka ja.

Bangon bayan katakon ba a taɓa yi masa fenti ba tun ambaliya. Ga layin laka nan ruwan kasa, miƙe sambal daga kusurwa zuwa kusurwa, ƙasansa duhu, samansa fari. Ko cinyata bai gama kaiwa ba.

Mis Tranter ta auna. "Ƙafa biyu da inci bakwai." Ta koma ƙofar da ke tsakanin ɗakunan biyu ta shafa ƙasa da tafin takalminta. "Daɓen nan ɗaya ne da na gaba, babu matakala. Misis Holroyd, ruwa ba ya tsayawa ƙafa huɗu a ɗaki ɗaya, ƙafa biyu a na kusa da shi."

Anti ta ce, "Namu ya tsaya."

Mis Tranter ta cire tabarau ta goge. Na fara ganin yarinyar nan tana da hankali fiye da takalmanta.

"Ni ba shari'a na zo yi ba," in ji ta. "Dokar kamfaninmu ita ce, in aka samu awo biyu a gini ɗaya, mafi tsayi ake rubutawa. Sai fa in mai wuri ta sa hannu cewa wancan kuskure ne, ta kuma gyara shi a gabana in ɗauki hoto. In ƙafa biyu da inci bakwai ne, zan iya ba da shawara a karɓa. In ƙafa huɗu ne, ko gabatarwa ba zan yi ba."

"Stan ɗina ne ya kafa allon nan da hannunsa."

"Na gane. Jirgina ƙarfe huɗu ne. Zan je in duba gada in ci abinci, in dawo ƙarfe uku."

Da ta fita, Anti ta juya allon ƙofa zuwa "An rufe", abin da ban taɓa ganin ta yi da rana ba. Ta zauna a kan buhun fulawa. Ni ma na zauna a kan wani.

"Anti, ƙafa ɗaya da inci bakwai! Na san ana ɗan ƙari a titin nan, amma wannan ai gini ne aka ɗora."

"Ba rana ɗaya aka yi shi ba," in ji ta. "Kada ka yi wa Stan kallon ɓarawo."

Sai ta ba ni labari. Ran da ruwa ya janye, Stan ya kafa allonsa a kan gaskiya, ƙafa biyu da inci bakwai. Shagon Norman yana da matakala ɗaya a ƙofa, don haka nasa ruwan ƙafa biyu da inci biyu ne. Amma da Stan ya tsallaka sayen nama, sai ya tarar da allon Norman a ƙafa biyu da inci tara. Ya dawo gida ya ce bangon shago na son fenti. Da fenti ya bushe, allo ya koma ƙafa biyu da inci goma. Bazara na zagayowa Norman ma ya ga nasa bangon na son fenti.

"Shekara bakwai suna yi," in ji Anti. "Ka sani, babu shagunan da suka sha fenti a duk yankinmu na Yorkshire kamar biyun nan. Kuma ko sau ɗaya ɗayansu bai taɓa ce wa ɗaya ka yi ƙarya ba. Sai dai ya shigo, ya dubi bango, ya ce, 'Ashe haka ruwan ya kai,' ya sayi abin da zai saya ya fita."

Na yi dariya ban shirya ba. Ita ba ta yi ba.

"Na ƙarshen, asibiti suka sallamo shi ya kwana biyu a gida. Kai ma ka san abin da hakan ke nufi. Ya leƙa ta taga ya ga Norman ya kai ƙafa huɗu da inci ɗaya. Ya ce in sauko da shi. Clive, guduma ma ta fi ƙarfinsa. Ni na riƙe ƙusa, ni na riƙe masa wuyan hannu, muka buga tare. Yana bugu yana dariya har tari ya sarƙe shi. Ran Talata ya cika." Ta share hanci da gefen atamfa. "Tun daga ranar Norman bai sake yi wa bangonsa fenti ba."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai, kuma duk da haka agogon bango na tafiya.

"Anti, gobe Juma'a. Ba ni da kamfani na goma sha tara. In yarinyar nan ta hau jirgi da ƙafa huɗu a littafinta, za su karɓi makulli. Allon ma ba za su bar miki a bango ba, wani zai zo ya buɗe shagon sayar da waya ya jefar da shi a shara."

"Wato so kake in tsaya gaban Norman Gledhill da duk Titin Masaƙa in ce mijina maƙaryaci ne."

"So nake ki kwana a gadonki ranar Asabar."

"Tashi ka ba ni wuri."

Na fita. Na zauna a kan bencin bakin gada ina kallon kogin da ya jawo mana duk wannan, ban iya cin kome ba. Na yi tunanin kamfanonin da suka ƙi mu saboda launin taswira, na zage su a raina ɗaya bayan ɗaya. Sannan na tuna cewa kamfani ɗaya tak da ya yarda ya zo ya gani da ido, mu da kanmu muka shirya masa ƙarya muka goge ta da tsumma.

Ƙarfe uku saura kaɗan na dawo tare da Mis Tranter. A Marlroyd labari ba ya buƙatar mai kai shi. Mutum wajen ashirin sun taru a gaban tagar shagon, kowa na yi kamar kek yake kallo. Norman na tsaye a ƙofar shagonsa a tsallake, ya harɗe hannuwa.

Anti ta buɗe mana. Ta canza atamfa, ta gyara gashinta, gudumar Stan na hannunta. Ba ta ja labule ba, ƙofar ma a buɗe ta bar ta.

"Ina takardar da zan sa wa hannu?"

Mis Tranter ta miƙa mata. Ta karanta kowane layi, ta sa hannu. Na ce, "Anti, kawo in cire miki."

"Ka taɓa shi in fasa maka yatsa."

Ta sa bakin guduma a ƙarƙashin allo ta danna. Ƙusar farko ta fito da ƙara, ta biyu ta yi gardama, sai da ta sa nauyinta duka. Fenti ya ɓantare ya zubo, kuma da hasken taga ya bugi bangon sai ga tabon tsofaffin ramukan da aka cike, bibbiyu bibbiyu, suna gangarawa ƙasa kamar matakalar tsani. Duk wanda ke waje ya gan su.

Mis Tranter ta auna ƙafa biyu da inci bakwai ta yi ɗigo da fensir. Ɗigon ya faɗa daidai kan ramuka biyu na can ƙasa.

"Kin gani ko," in ji Anti. "Da gaskiya ya fara."

Ta durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ta riƙe ƙusa da kanta ta buga. Mis Tranter ta ɗauki hoto, ta ce za ta aika da rahoto daga cikin jirgi. Na miƙa wa Anti hannu ta tashi. Ba ta dubi taga ba, amma ni na duba. Norman ba ya ƙofar shagonsa.

Na ce a raina, shi ke nan, ya tafi ya wasa almakashin kasuwar Kirsimeti. Yau ƙafa huɗu da inci ɗaya ya zama sarkin titi, kuma na san bakin Norman, sai Anti ta gwammace da shagon ta rasa.

Sai muka ji bugun guduma daga tsallaken titi.

Mutanen da ke gaban taga suka juya gaba ɗaya suka tsallaka. Anti ta ce ba za ta je ba, sannan ta riga ni fita. Muka tarar da Norman a durƙushe a bayan kantarsa, fuska ta yi jawur, yana buga ƙusa ta biyu. Can sama, inda allonsa yake a da, fenti ya ɓantare, nasa tsanin ramukan ya fito fili.

Bai dubi kowa ba ya ce, "'Yammata mai tef, zo ki auna."

Mis Tranter ta dubi agogo, ta durƙusa ta auna. "Ƙafa biyu da inci shida."

Ni da na san ruwansa ƙafa biyu da inci biyu ne, na buɗe baki, Anti ta taka mini ƙafa.

Norman ya dafa kanta ya miƙe yana nishi. "Kada wani ya ɗauka wani abu ne. Tawa inshorar a watan Maris za ta ƙare, kuma dillalina ba shi da wani amfani." Ya goge hannu a riga, ya dubi bango, bai dubi Anti ba. "Inci ɗaya Stan ya fi ni. Dama can inci ɗaya ne."

Anti ta daɗe tana kallon allon. Idanunta sun cika, na ɗauka kuka za ta fashe da shi a gaban mutane.

"A karkace ka kafa shi, Norman," in ji ta.

"Bangon ne a karkace."

"Shekara arba'in ina gaya maka."

Ta juya ta koma shagonta, ta mayar da allon ƙofa zuwa "An buɗe". Kafin jirgin ƙarfe huɗu ya tashi na ga an tsallaka da faranti rufe da tsumma zuwa shagon mahauci.

Takardar Harbottle da Vane ta iso ranar Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Kuɗin ya ninka na bara, kuma sun cire girgizar ƙasa daga ciki, amma ambaliya na nan a shafi na biyu, baƙi a kan fari. Na kai wa Anti da hannuna. Ta karanta, ta sa a aljihun atamfa, ta ce in matsa ina tare wa masu saye hanya.

Yanzu in na bi ta Titin Masaƙa da safe zan buɗe ofis, nakan gan ta ta taga, tsohuwa mai shekara saba'in da biyu, ta shimfiɗa buhun fulawa a ƙasa ta durƙusa a kai tana goge allon Stan. A tsallake kuma Norman, da ciwon gwiwarsa, yana durƙushe yana goge nasa. Yakan ɗago ya leƙa nata, ita ma ta ɗago ta leƙa nasa, kowa na duba ko ɗan'uwansa ya sayo fenti.